Yadda Mai Aikin Manhaja Zai Haɗa Aiki, Renon 'Ya'ya da Rubutu a Jamus

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san cewa ɗa na kowa ne. Jariri yana wucewa daga bayan uwarsa zuwa bayan gwaggo, daga nan zuwa cinyar kaka, ko a miƙa shi ga 'yar maƙwabta ta zaga da shi, kuma duk lokacin da iyaye suke samu na yin sana'a ko karatu ko hira, dangi ne suka ba su shi ba tare da wani ya zauna ya lissafa ba. Wanda ya sami aikin rubuta manhaja a Jamus ya ɗauko iyalinsa, wannan gatan ne abu na farko da zai nema ya rasa. Shi da matarsa su biyu ne rak, ga aikin da ke buƙatar natsuwa mai tsawo, ga yara ƙanana, ga kuma sha'awar rubutu da Hausa wadda yake tsoron kada ta mutu a hannunsa.

Ra'ayina a kan wannan shi ne, a cikin abubuwan nan uku, aikin ofis ya kamata a fara ja wa layi. Shi kaɗai ne doka ta ba ka damar ragewa da tsarawa, kuma shi ne ba ya ƙoshi, domin manhaja ba ta taɓa kammaluwa, kullum akwai gyara ɗaya da ya rage. Idan ka bar shi ya ci abin da ya ga dama, yara za su sami ragowar ƙarfinka, rubutu kuwa ba zai sami komai ba.

Karanta kwantiragi kafin ka sa hannu

Maganar takardun farko ba mai tsawo ba ce. Cikin mako biyu da tarewa a gida sai ka yi rajistar adireshi, abin da kowa a can ke kira Anmeldung, ka tafi da takardar shaida daga mai gidan haya, domin lambar haraji da sauran al'amura duk a kanta suka rataya. Yawancin masu wannan sana'a suna shiga ne da izinin zama na Blue Card, wanda tun watan Nuwamba na 2023 ake ba masanin kwamfuta ko da ba shi da digiri, matuƙar yana da gogewar shekara uku kuma albashinsa ya kai adadin da aka ƙayyade. Matar mai wannan izini ko mijinta ba sai sun kawo shaidar iya Jamusanci kafin shigowa ba, kuma suna da damar yin aiki.

Abin da ya fi cancantar a zauna a kansa shi ne kwantiragin aiki. Duba awa nawa aka rubuta a mako, da abin da aka ce game da ƙarin lokaci. Duba ko akwai jiran ko-ta-kwana, wato makon da za a iya tashinka cikin dare idan manhajar kamfani ta tsaya, da yadda ake biyansa. Duba sashen da ya yi magana a kan aikin gefe, domin kamfanoni da yawa suna son a sanar da su kafin ma'aikaci ya karɓi kuɗi daga wani wuri, kuma ranar da rubutunka ya fara kawo ɗan taro da sisi wannan sashen zai shafe ka. Ka kuma tambaya, a rubuce, ko an yarda ka yi aiki na wasu makonni daga Najeriya ko Nijar. Mutane da yawa suna ɗauka tunda aikin a kwamfuta yake, ko'ina ma ɗaya ne, alhali akwai batun haraji da inshora da tsaron bayanai da kan sa kamfani ya ƙi.

Wata shidan farko galibi lokacin gwaji ne, wanda a cikinsa ana iya sallamar mutum da sanarwar mako biyu kacal. Tunda izinin zamanka a kan aikin ya dogara, wannan ba lokacin neman sauye-sauye masu yawa ba ne. Amma a cikinsa ne abokan aiki ke koyon halinka. Idan tun daga makon farko kana amsa saƙo da ƙarfe goma na dare don a ga ƙwazonka, to ka koya musu abin da zai yi wuyar warwarewa bayan an yi haihuwa. Dokar ƙasar ta ce awa takwas ne aikin yini, ana iya kai shi goma idan za a rama, kuma dole a sami hutun awa goma sha ɗaya tsakanin tashi da komawa. Babu wanda zai ga laifinka don ka tsaya a kan wannan.

Idan haihuwa ta matso

Da zarar an tabbatar da juna biyu, a fara neman ungozoma, wadda suke kira Hebamme. Inshorar lafiya ce ke biyanta, tana zuwa har gida bayan haihuwa, kusan kullum a kwanaki goman farko, sannan jefi-jefi har mako goma sha biyu, tana duba cibiya da nono da nauyin jariri da lafiyar mai jego. A manyan birane suna da ƙaranci ƙwarai, wanda ya bari sai ciki ya tsufa yana iya rasawa. Ga macen da a gida za ta koma wurin mahaifiyarta wankan jego har arba'in, wannan ziyarar ita ce mafi kusa da abin da ta rasa, saboda haka kada a yi sakaci da ita.

Mace mai aiki tana da hutun mako shida kafin haihuwa da mako takwas bayanta. Bayan wannan akwai hutun reno, Elternzeit, wanda uwa da uba kowannensu ke da haƙƙin ɗauka har shekara uku a kan kowane ɗa, aikinsa yana jiransa. Ana sanar da kamfani a rubuce aƙalla mako bakwai kafin ranar farawa, kariya daga sallama kuwa tana somawa ne mako takwas kafin ranar, saboda haka mai lura yakan miƙa takardarsa a cikin makon nan ɗaya da ke tsakani. Kuɗin da gwamnati ke bayarwa a madadin albashi, Elterngeld, kusan kashi 65 cikin 100 ne na abin da ke shiga hannu, bai gaza Yuro 300 ba kuma bai wuce Yuro 1,800 a wata ba. Wata 12 ake biya, ya zama 14 idan ɗaya abokin zaman ya ɗauki aƙalla wata biyu, kuma ga yaran da aka haifa daga Afrilun 2024, wata ɗaya kawai iyaye biyu za su iya karɓarsa a tare. A cike takardar da wuri, domin wata uku kawai ake biya na baya. Akwai kuma kuɗin yara na wata-wata, Kindergeld, wanda ya kasance Yuro 255 ga kowane yaro a 2025.

Ina roƙon iyaye maza su ɗauki watannin nan biyu, ko fiye idan aljihu zai ɗauka. Gaskiya ne ga mai albashin manhaja Yuro 1,800 ragi ne babba, musamman ga wanda ake jiran saƙonsa a gida duk ƙarshen wata, don haka a fara tanadi tun ciki yana ƙarami, a kuma gaya wa 'yan'uwa tun da wuri cewa watannin nan hannu zai ɗan ja baya. Amma namijin da bai taɓa yini shi kaɗai da jariri ba, bai san nauyin da ke kan matarsa ba, kuma duk tsarin da zai yi wa gidan daga baya zai yi shi ne a kan jahilci. Wata ɗaya a farkon haihuwa, ɗaya kuma lokacin da za a fara kai yaro gidan reno, rabo ne mai kyau.

Batun suna yana da sauƙi fiye da yadda ake tsoro. Ana sanar da ofishin rajista haihuwar cikin mako ɗaya, amma idan ba a tsayar da suna ba akwai wa'adin wata ɗaya na kai shi, saboda haka ana iya jiran ranar bakwai. Yanka a gida yana da tsauraran sharuɗɗa a dokar ƙasar, shi ya sa yawanci ake aika kuɗin ragon suna gida a yanka a raba a can, a haɗa dangi ta bidiyo a yi addu'a. A lura da yadda za a rubuta sunan a takardar haihuwa, ya dace da yadda sunan iyali yake a fasfo harafi da harafi, domin gyara daga baya wahala ce. Mai son ɗauko mahaifiyarsa ko surukarsa ta zo jego zai nema mata bizar ziyara ta kwana 90, tare da takardar ɗaukar nauyi da ake yi a ofishin baƙi, kuma ya fara neman ranar ganawa a ofishin jakadanci watanni kafin lokacin, yana sane da cewa ana iya hanawa. Kada a gina tsarin gida gaba ɗaya a kan zuwanta.

Gidan reno

Tun watan Agusta na 2013 kowane yaro da ya cika shekara ɗaya yana da haƙƙin gurbi a gidan reno, Kita. Haƙƙi a takarda daban, samun gurbi daban. A Berlin ana karɓar takardar izini daga ofishin kula da yara, ana iya nema tun wata tara kafin ranar da ake so, kuma tun 2018 renon kyauta ne in ban da Yuro 23 na abinci, amma a wasu jihohin ana biyan kuɗi mai kauri. A rubuta wa gidaje da yawa, a je da ƙafa a gaisa, a riƙa tuntuɓa. Sai an nuna shaidar rigakafin ƙyanda, wanda ya zama tilas tun Maris na 2020. A gaya musu a rubuce cewa yaron ba ya cin naman alade, a ambaci alewar da ake yi da sinadarinsa, domin ita ce aka fi mantawa a ranar bikin haihuwar wani yaro.

Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne makonnin sabo. Ba a ajiye yaro a tafi. Ranar farko uwa ko uba zai zauna a kan 'yar ƙaramar kujera a kusurwar ɗaki na kamar awa ɗaya, bai shiga wasan ba kuma bai duba waya ba, yana nan dai don yaron ya waiwayo ya gan shi. Bayan 'yan kwanaki mai reno za ta ce ka yi masa sallama a fili ka fita na minti kaɗan, ka tsaya a bayan ƙofa inda ake rataye rigunan sanyi, kana jin kukansa, ita kuma tana duba ko zai yarda ta rarrashe shi. Idan ya yarda a ƙara lokaci, idan bai yarda ba a koma baya. Abin yakan ɗauki mako biyu zuwa shida. Wanda ya yi wa kamfani alkawarin dawowa cikakken aiki a ranar da yaro ya fara Kita ya ɗaure kansa, don haka a ajiye hutu domin wannan lokacin.

Wani abu da dole kowa ya sani: tun shekarar 2000 dokar Jamus ta haramta dukan yaro kowane iri ne, kuma masu reno suna da nauyin kai rahoto idan sun ga alama. A tattauna wannan da duk wanda zai zo daga gida ya taya reno, cikin ladabi, tun kafin ya taso.

Tsara yinin aiki a kan yinin yara

Wahalar wannan sana'a ga mai yara ita ce, kafin mutum ya fara gyara manhaja sai ya ɗora tsarinta a kansa, wane sashe ke kiran wane, ina bayanai ke shiga, ina suke fita, kuma ƙaramin katsewa yana zubar da duk abin da ya ɗora. Mai yara kuwa katsewa ce rayuwarsa. Tunda ba za a iya hana ta ba, sai a rage asarar da take jawowa.

Hanya mafi amfani da na sani ita ce barin wa kai wasiƙa. Minti biyar kafin ka tashi ɗauko yaro, ka daina rubuta umarni, ka buɗe fayil ɗin da kake ajiye bayanan aiki ka rubuta layi uku: abin da kake ƙoƙarin yi, abin da ka gwada bai yi ba, da abu na farko da za ka taɓa gobe. Misali, “Gwajin biyan kuɗi yana faɗuwa ne idan kwanan wata ya tsallaka tsakar dare. Ba daga rumbun bayanai ba ne, na duba. Gobe fara da wurin da ake juya lokaci.” Da safe, maimakon rabin awa na lalube, cikin minti biyu ka koma inda ka tsaya. Haka kuma ka saba da yanka aiki ƙanana, kana ajiye kowane mataki a Git, wato ma'ajiyar da ke riƙe tarihin duk sauyin da aka yi wa manhaja, da bayani mai ma'ana, ta yadda idan aka kira ka daga Kita da ƙarfe goma sha ɗaya cewa jikin yaro ya yi zafi, abokin aikinka zai iya ɗauka daga inda ka ajiye ba tare da ya neme ka a waya ba.

Sa lokacin ɗauko yara a kalandar ofis a matsayin abin da ba ya motsi, kowa ya gani. A Jamus ba abin kunya ba ne babban injiniya ya ce zai tashi ƙarfe uku da rabi saboda Kita, kuma bayani mai tsawo ko ban haƙuri ba su da amfani. Ajiye safiya, daga lokacin da ka dawo kai yara har azahar, domin aiki mai buƙatar tunani, ka tura tarurruka da duba aikin abokai zuwa bayan haka. Duk abin da za a iya warwarewa da rubutaccen bayani, ka nemi a yi shi a rubuce maimakon taro, kuma a nan sha'awarka ta rubutu za ta yi maka rana, domin wanda ya iya shimfiɗa matsala a shafi ɗaya ana jin maganarsa ko ba ya ɗakin. Kada ka saki sabon gyara ga jama'a awa ɗaya kafin ka tashi, ko da yammacin Juma'a. Makon ko-ta-kwana kuwa, ku duba shi tare da mai ɗakinka tun kafin ya zo, a san wanda zai tashi idan wayar aiki da jariri suka yi kuka lokaci ɗaya.

Shekarar farko a Kita shekarar mura da zazzaɓi da gudawa ce, musamman daga Oktoba zuwa Maris. Masu inshorar lafiya ta gwamnati suna da ranakun jinyar yaro, kwana 15 ga kowane mahaifi a kan kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 12 a 2024 da 2025, inda inshora ke biyan mafi yawan albashin ranar idan an kawo takardar likita. Ɗauki ranar gaba ɗaya. Ƙoƙarin yin aiki da yaro mai zazzaɓi a cinya yana ɓata aikin kuma yana ɓata jinyar. Idan nauyin ya yi yawa, wanda ya wuce wata shida a kamfani mai ma'aikata fiye da 15 yana da haƙƙin neman rage awanni, amma mai Blue Card ya fara tambayar ofishin baƙi ko albashin da zai rage zai taɓa izininsa. Wannan ma dalili ne na dagewa a kan Jamusanci, domin wanda ya kai matakin B1, wato matsakaicin matakin iya harshen, yana iya samun zaman dindindin bayan wata 21, maimakon 27.

Sai batun rana. A Berlin cikin Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, wato azahar da la'asar da magariba duk suna faɗowa a cikin lokacin aiki ko a hanyar ɗauko yara, a watan Yuni kuwa sai wajen tara da rabi na dare take faɗuwa, asuba ta zo tun barci bai yi nisa ba. Tsarin da ya yi aiki a hunturu ba zai yi a bazara ba, don haka a sake shi sau biyu a shekara.

Hausa a bakin yara

Yaron da ke yini a Kita zai kama Jamusanci ba tare da taimakonka ba, kuma cikin shekara biyu zai fi ka iya furta shi. Hausa ce ke cikin haɗari. Kada ka saurari mai cewa harshe biyu yana rikita yaro ko yana jinkirta masa magana, domin masana sun daɗe da nuna ba haka ba ne, kuma masu reno da yawa da kansu za su ce ka yi masa harshen da ka fi iyawa. Ku tsayar da doka mai sauƙi, cewa daga bakin ƙofa zuwa ciki Hausa ake yi, ku kuma fara da kanku, domin iyayen da ke hira da juna da Turanci ba za su iya tilasta wa yaro Hausa ba.

Ranar da ka ce, “Zo ka sa takalminka,” ya amsa maka da Jamusanci tana nan tafe. Kada ka yi faɗa kuma kada ka yi kamar ba ka ji ba. Maimaita abin da ya faɗa da Hausa, “Au, ba ka ga ɗayan ba? Duba ƙarƙashin kujera,” ka ci gaba. Abin da ya fi ƙarfafa harshe shi ne yaro ya sami mutumin da yake ƙauna wanda ba ya jin komai sai Hausa, kuma wannan mutumin kaka ce. Agogon Jamus da na Najeriya da Nijar ɗaya ne a hunturu, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma Jamus tana gaba da awa ɗaya kawai, saboda haka kiran bidiyo na yamma ba shi da wuya. A tsayar masa da rana, a bar su su biyu, ta tsokane shi da “Mijina, ina cefanena?” ya koyi mayar da martani, ta yi masa gatanan gatananku. Idan jika mace ce, kishiya ce, wasan ya fi armashi. Ku koya musu gaisuwa cikakkiya da durƙusawa, da kiran kowa da sunan da ya dace, Kawu da Gwaggo da Baffa da Yaya, ko da a waya ne kawai suke ganinsu. Wata al'ada kuwa, alkunyar ɗan fari, zaman Turai yana karya ta, domin a asibiti da Kita dole ka ambaci sunan da bakinka, amma babu abin da ya hana a riƙe laƙabinsa a cikin gida.

Idan yara suka shiga firamare, zuwa makaranta tilas ne kuma ana cin tarar wanda ya ɗauke su ba lokacin hutu ba, don haka dogon zuwa gida sai a hutun bazara na mako shida. Kafin wannan lokacin, yi amfani da 'yancin da kake da shi. Wata ɗaya a tsakiyar 'yan'uwa yana yi wa harshen yaro abin da shekara guda ta ƙoƙarin iyaye ba ta yi ba.

Rubutu

Kada ka jira samun lokaci, kuma kada ka ajiye rubutu sai dare bayan yara sun yi barci, domin a lokacin kanka ya riga ya ƙare a ofis. Zaɓi rabin awa ɗaya a yini wanda ba na kowa ba ne, bayan sallar asuba a hunturu, ko cikin jirgin ƙasa a hanyar ofis, ko da zarar ka dawo daga kai yara kafin ka buɗe Slack, manhajar saƙonnin ofis. Ku yi yarjejeniya da abokin zama cewa kowa yana da safiya ɗaya tasa a ƙarshen mako, kai ka yi rubutu, ita ta yi abin da take so, kuma a mutunta nata kamar yadda ake mutunta naka. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, gari ya yi tsit, ta dace da wannan. Dabarar wasiƙar nan ta ofis tana aiki a nan ma: ka tsaya alhali ka san jimlar da ke biye, ka rubuta ta a gefe.

Yi rubutunka a na'urarka, ba a kwamfutar kamfani ba, domin kada wata rana a yi jayayya a kan mallaka ko ka rasa shi ranar da ka miƙa kayan aiki. Fayil na rubutu zalla ya isa. Ka gyara allon rubutunka ya riƙa fitar da ɓ da ɗ da ƙ, a waya Gboard yana da Hausa, a kwamfuta kuma kai da sana'arka ce ba za ka kasa ɗaura haruffan a kan maɓallai uku ba. Saƙon murya da ka ɗauka kana tura keken jariri yana iya zama kwarangwal ɗin shafi guda.

Game da abin da za ka rubuta, ka guji hanyoyi biyu da 'yan ƙasar waje suka cika bi, wato nuna wa na gida cewa ka tsallake, da kukan cewa Turai ba daɗi. Dukansu ba su gaya wa mai karatu komai. Rubuta abin da ka gani da idonka kuma ka fahimta: yadda ake duba aikin juna a ofis ba tare da an ji haushi ba, yadda taron iyaye yake a Kita, yadda azumi yake a ranar da ta yi tsawo, yadda wani ɓangare na manhaja ke aiki. Bayanin fasaha da Hausa mai kyau yana da ƙaranci, kuma ɗalibi a Katsina ko Damagaram da ke koyon wannan sana'a a waya zai amfana da shafi ɗaya da ya fayyace masa abu a harshensa. Idan ka rasa kalma, faɗi abin da abin yake yi a jimla, ya fi ƙirƙiro kalmar da kai kaɗai ka san ta. Hausar wanda ya daɗe a waje tana tsufa kuma Turanci yana shiga ƙarƙashin jimlolinsa ba tare da ya lura ba, don haka ka riƙa sauraron rediyo, har da sashen Hausa na DW da ke Bonn, kana karanta abin da ake bugawa a gida, kuma ka karanta rubutunka da ƙarfi kafin ka sake shi. Duk jimlar da ba za ka iya faɗa wa mahaifiyarka haka ba, sake ta.

Akwai iyaka biyu da ba a ƙetarewa. Sirrin kamfani, da sunan abokan ciniki, da abin da aka faɗa a taron cikin gida, ba su shiga rubutu, kuma idan za ka ba da labarin saɓani da wani a wurin aiki ka cire duk abin da zai sa a gane shi. Na biyu shi ne 'ya'yanka. Su ne za su fi ba ka abin rubutawa, amma ba su ba ka izini ba, kuma wata rana za su iya karantawa, su da abokan karatunsu. Kada ka sa sunansu ko hotonsu ko sunan makarantarsu, kuma abin da ya shafi rashin lafiyarsu ko abin kunyarsu ka ajiye shi a littafi dabam wanda su kaɗai za ka ba idan sun girma. Duk abin da ya ambaci matarka ko mijinki, a ba shi ya karanta tukuna, idan ya ce a cire a cire.

Kafin ka fitar da rubutu, nemi mutum ɗaya a gida mai kunnen Hausa, malamin makaranta ko ɗan jarida ko ƙanwarka mai yawan karatu, ka tura masa, ka roƙe shi ya nuna maka wuraren da ya tsaya ya sake karantawa da wuraren da ya ji ba haka ake faɗa ba. Ba shi mako guda, ka gyara abin da ya nuna a zama biyu ko uku na safiya, sannan ka saki rubutun ka buɗe sabon fayil.